Tarar da na biya kan shara a Ingila, ina ƙaramar hukuma take kai kuɗin?

Tambaya: Ina zaune a Ingila. Na biya wani mai mota ya kwashe mini tsohuwar katifa da buhunan tarkace, ashe a bakin wata gona ya je ya jibge su. An tsinci ambulan mai ɗauke da adireshina a ciki, ƙaramar hukuma ta ci ni tarar fam 400. Na biya, amma abin yana ci mini rai. Ina waɗannan kuɗi suke zuwa? Suna da ikon kashe su yadda suka ga dama, ko doka ta ɗaure musu hannu?

Amsa: Malam, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Na yi shekaru ina aiki a sashen tsaftar muhalli na wata ƙaramar hukuma a Ingila, kuma wannan tambaya taka na sha jin ta a waya, yawanci daga bakin mutumin da ransa ya ɓaci. Amsar a taƙaice ita ce doka ta ɗaure musu hannu. Tun daga 1 ga Afrilun 2024, kuɗin tara irin wadda ka biya ba su da wurin zuwa sai biyu: farautar masu laifin shara, da kwashe abin da suka zubar. Sai dai wannan ɗauri yana da sako-sako a wani wuri da mutane ba su cika lura da shi ba, kuma a can ne nake so mu daɗe.

Da farko a raba tara gida biyu, domin yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa. Akwai tarar nan take, wadda jami'in ƙaramar hukuma yake rubuta maka a takarda. Ita ce aka ba ka. Ma'anarta tayi ne: ka biya cikin kwana 14, magana ta mutu, ba kotu, ba a kuma rubuta sunanka cikin waɗanda aka taɓa samu da laifi. Kuɗin wannan tara suna zama a hannun ƙaramar hukumar da ta rubuta ta. Sannan akwai tarar kotu, wadda alƙali yake yankewa idan mutum ya ƙi biya ko laifin ya yi girma. Wannan ko kwabo ƙaramar hukuma ba ta gani, Baitulmalin gwamnatin tsakiya take tafiya. Abin da hukuma za ta iya samu a kotu shi ne alƙali ya umarci mai laifi ya biya ta kuɗin da ta kashe wajen bincike da shari'a da kwashe sharar, kuma sau da yawa abin da ake ba ta bai kai abin da ta kashe ba. Mu a ofis mun san wannan ciwo sarai: ka yi wata shida kana bin sawun mai tifa ɗaya, ka kai shi gaban majistare, a ci shi tara, kuɗin su wuce Landan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka abin yake har a manyan shari'o'i. Lokacin da kotu ta ci kamfanin ruwa na Southern Water tarar fam miliyan 90 a watan Yulin 2021 saboda sakin ƙazantar masai cikin ruwa, Baitulmali kuɗin suka nufa, garuruwan bakin tekun da aka ɓata wa ruwa ba su karɓe su ba.

Ita ma tarar nan take ba kullum take zama a hannun ƙananan hukumomi ba. Dokar kare muhalli ta 1990 ce ta ba su ikon rubuta wa mai yar da shara a titi tara, amma a wancan lokaci sai su tattara kuɗin su miƙa wa gwamnatin tsakiya. Sakamakon ba ya bukatar dogon nazari. Wa zai ɗauki ma'aikaci, ya saya masa kayan aiki, ya biya shi albashi, don ya tara wa wani kuɗi? Hukumomi da dama suka naɗe hannu. Sai dokar ƙananan hukumomi ta 2003 ta ba su damar riƙe kuɗin, dokar tsaftar unguwanni ta 2005 kuma ta faɗaɗa laifuffukan da za a iya cin tara a kansu, ta kuma ayyana ayyukan da za a kashe kuɗin a kai. Tarar nan take ta jibge shara a inda bai dace ba ta zo a 2016. Wadda ta kama ka, ta maigidan da ya ba da shararsa ga wanda ba shi da rajistar ɗaukar shara, ta zo a Janairun 2019. A ranar 10 ga Yulin 2023, zamanin Firayim Minista Rishi Sunak, aka ɗaga silin dukansu, wato iyakar abin da za a iya karɓa: ta jibge shara daga fam 400 zuwa 1,000, ta yar da shara a titi da rubuce-rubuce a bango daga 150 zuwa 500, irin taka kuma daga 400 zuwa 600. Kowace ƙaramar hukuma ce take zaɓar adadinta a ƙarƙashin wannan silin, shi ya sa za ka ga maƙwabtan garuruwa biyu suna cin tara daban a kan laifi ɗaya.

Da aka ɗaga kuɗin, dole aka ƙara matse inda za su tafi, don in ba haka ba zargin da jama'a suke yi, cewa neman kuɗi kawai ake yi da tara, zai zama gaskiya. Kafin 2024, tarar da ta shafi jibge shara ana iya kashe ta a kan duk wani aikin shara da doka ta ɗora wa hukuma, har da kwashe kwandunan ƙofar gida na mako-mako, wanda dama harajin gidaje ne yake ɗauke da shi. Yanzu an rufe wannan ƙofa.

To me ke cikin shingen da doka ta yi wa kuɗin? Bari in nuna maka da ambulan ɗinka. Da safe wani ya kira ya ce ga tulin shara a bakin gona. Jami'ai biyu suka tafi da mota, suka ɗauki hoto kafin su taɓa komai, suka sa safar hannu mai kauri saboda allura da fasassun kwalabe, suka farke baƙaƙen ledoji ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai wari, musamman in ruwa ya jiƙa kayan kwana uku. Abin da suke nema ƙarami ne: takardar banki, kwalin da aka aiko da kaya ta gidan waya, ambulan da ruwa bai cinye adireshinsa ba. In an samu, a sa shi a leda mai lamba, a rubuta lokaci da wuri, domin wata rana lauya zai tambaya. Daga nan a rubuta maka wasiƙa, a ji ta bakinka, wani babba ya duba fayil kafin a fitar da takardar tara. Bayan duk wannan ne motar kwashe shara za ta zo, a loda katifar, a kai ta inda za a auna a biya kuɗin zubarwa. In da firij a cikin tulin ko rufin asbestos, kuɗin sun ninka, don ba kowa doka ta yarda ya taɓa su ba. Albashin waɗannan jami'ai, motarsu, kyamarar da za a ɓoye a wurin don kama na gaba, lokacin lauyan hukuma, kwashewar, da gyara ƙasar da aka ɓata, duk suna cikin abin da fam 400 ɗinka za su iya biya.

Abin da ba za su iya biya ba shi ne sauran hidimomin hukuma: kula da tsofaffi, ɗakin karatu, cike ramukan titi, alawus ɗin kansiloli, ko toshe giɓin kasafin kuɗi. Ko da aikin na alheri ne, in ba ya cikin shingen, haramun ne a kai kuɗin can. Kuma kowane irin laifi da nasa shingen. Tarar yar da guntun sigari ko manna fosta a bango tana tafiya ga aikin shara a titi da goge bango. Tarar yasar da mota a gefen hanya tana ƙarƙashin wata doka ta 1978 mai nata jerin ayyukan. Kashin kare a yawancin wurare ana hukunta shi ne da wata doka ta 2014, don haka kada a ɗauka ƙa'idar ɗaya ce. Duk wannan bayani na Ingila ne. Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa kowace da nata tsarin da nata adadin.

Wani abu da yake ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantar kuɗin idan aka ɗora su kusa da matsalar. Alƙaluman ma'aikatar muhalli, wadda ake kira Defra, sun nuna ƙananan hukumomin Ingila sun yi fama da jibge shara sau miliyan 1.15 a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, kuma kusan kashi 60 cikin 100 sharar gida ce irin taka. Takardun tara da aka rubuta a kan haka sun ɗan haura 60,000 ne kawai. Yawancin tulin ba a samun kowa a bayansa, don mai wayo ba ya barin ambulan. Daga cikin waɗanda aka rubuta wa ma, wasu ba sa biya, wasu suna samun rangwamen biya da wuri. Share tituna kuwa yana cin ɗaruruwan miliyoyin fam duk shekara a faɗin ƙasar. A sashenmu ban taɓa ganin shekarar da tara ta ɗauki nauyin ma'aikatan da suke rubuta ta ba, balle ta bar rara. Wanda yake zaton hukuma tana yin arziki da jibge shara bai ga takardun kuɗin ba.

Yanzu ga sako-sakon da na ambata. Kuɗi ba su da alama a goshi. A ƙaddara wata ƙaramar hukuma tana ware wa sashen farautar masu shara fam 500,000 a shekara daga asusunta na gama-gari. A ƙaddara bana an tara fam 120,000 na tara. Hanya biyu ce a gaban masu tsara kasafi. Ta farko, sashen ya samu 620,000, ya ɗauki ƙarin jami'ai biyu, ya sayi kyamarori. Ta biyu, a rage abin da asusun gama-gari yake bayarwa zuwa 380,000, a cike da kuɗin tara, sashen ya tsaya a 500,000 ɗinsa, sauran 120,000 da aka 'yanta su tafi wani wuri. A takarda dukansu sun bi doka, domin kowane fam na tara ya shiga aikin da aka halatta. A bakin gonar da aka jibge katifarka kuwa, hanya ta farko ce kaɗai za ta canja wani abu. Ta biyu cire kuɗi ne daga aljihun dama a sa a na hagu.

Na zauna a taron da aka zaɓi hanya ta biyu, kuma ba zan ce maka mutanen da suka zaɓe ta ɓarayi ba ne. Ma'ajin ƙaramar hukuma yana da doka a wuyansa ta daidaita kasafi, ga kuɗin kula da yara marasa galihu da tsofaffi suna hauhawa kowace shekara, kuma waɗannan ba a isa a ce ba za a biya ba. Kowa ya ga abin da ya faru da ƙananan hukumomin Croydon a 2020, da Woking da Birmingham da Nottingham a 2023, inda aka fitar da sanarwar cewa kuɗin shiga ba za su ɗauki abin da ake kashewa ba. Mai irin wannan wuta a gabansa, in ya ga fam 120,000 sun shigo ta wata kafa, zai yi wuya ya kawar da kai. Na fahimci dalilinsa, amma ban yarda da shi ba, kuma na faɗa a lokacin. An ce wa jama'a kuɗin da aka karɓa a hannunsu za su koma tsaftace unguwarsu. In suka biya shekara biyu ba su ga bambanci ba, abin da ya lalace ya fi fam 120,000 tsada, domin aikinmu gaba ɗaya a kan maƙwabcin da zai ɗaga waya ya ba da lambar mota yake tsaye. Ranar da ya yanke cewa mu masu karɓar kuɗi ne kawai, ya daina kira.

Akwai haɗari na biyu a wannan hanya, wanda ya fi na farko muni. Da zarar an rubuta kuɗin tara a kasafin baɗi a matsayin abin da ake sa ran samu, sashen ya zama mai bukatar mutane su ci gaba da laifi. Tara kuwa an yi ta ne don ta kashe kanta: in ta yi aiki, laifi ya ragu, kuɗin shiga su ragu. Sashen da albashinsa ya rataya a kan tara ba zai yi murna da raguwar ba. Nan ne ake fara barin mai tifa da yake jibge tan biyar da tsakar dare, saboda kama shi yana cin wata shida kuma tararsa ta Baitulmali ce, a koma tsayawa a ƙofar tashar jirgin ƙasa ana jiran wanda zai yar da guntun sigari, saboda wannan minti biyar ne kuma kuɗin na gida ne.

An ga wannan ƙarara a inda aka ba kamfanoni masu zaman kansu kwangilar sintiri. Tsarin da ya yaɗu shi ne kamfani ya ce wa hukuma ba sai ta biya shi komai ba, zai ɗauki kasonsa daga kowace takarda da ya rubuta. Ga ma'ajin da ba shi da kuɗi, tayin yana da daɗin ji. Amma an ba kura ajiyar nama ke nan, don ribar kamfanin tana ƙaruwa ne da yawan takardu, tsaftar titi ba ta cikin lissafinsa. Wani binciken BBC a 2017 ya nuna jami'an irin wannan kamfani suna samun ƙarin kuɗi gwargwadon yawan tarar da suka rubuta, kuma bayan haka wasu garuruwa suka soke kwangilolinsu. A 2019 Defra ta fitar da jagora da ta ce kada a mayar da aikin hukunta masu shara hanyar neman kuɗin shiga, kuma hukuncin ya dace da girman laifin, misali wanda abu ya faɗo masa bisa kuskure a ba shi dama ya ɗauka. Biyan ɗan kwangila daga kuɗin tara bai saɓa wa shingen ba, tunda aikin farauta ne. Yadda aka tsara biyan ne yake nuna ko hukuma tana neman tsafta ko tana neman kuɗi. Kotunan Ingila ma ba sa wasa da wannan bambanci: a 2013 babbar kotu ta soke ƙarin kuɗin izinin ajiye mota da ƙaramar hukumar Barnet ta yi, saboda an yi shi ne don tara kuɗin wasu ayyuka, alhali dokar ba don haka ta ba da ikon ba.

In ka tambaye ni inda ya fi dacewa a zuba kuɗin, zan ce a kan abin da yake hana tulin dawowa. Wurin da aka jibge shara sau ɗaya, in aka kwashe aka tafi, cikin mako biyu za a sake, don masu yi sun gane akwai mai kwashe musu kyauta. Na ga wani lungu a bayan shaguna da muke aika mota kusan kowace Litinin. Da aka sa ƙofar ƙarfe da fitila da kyamara ɗaya, aka kuma kama mota guda aka ƙwace ta, aika motar ya tsaya. Doka ta ba hukuma ikon ƙwace motar da aka yi laifin da ita, kuma a wurin mai wannan sana'a rasa motar ya fi kowace tara zafi. Sai kuma jami'in bincike na gaske, mai haƙurin bin tallan da ake yi a Facebook na kwashe shara da araha har ya kai ga mai shi. Mutum ɗaya irin wannan yana iya zama sanadin tuli hamsin, kuma mutane irinka hamsin ne suke biyan tara a madadinsa.

Manomin da aka jibge wa kayan kuma yana da nasa kukan. In tulin ya faɗa cikin gonarsa, ba a gefen titin gwamnati ba, a ƙa'ida shi ne zai biya a kwashe, ko da yake shi aka zalunta. Wannan yana daga cikin abubuwan da suka fi damuna a tsarin gaba ɗaya.

Kana da hanyar bin sawun kuɗinka, kuma ina ba ka shawara ka bi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ta ba ka dama ka rubuta wa ƙaramar hukumar, ko ta imel, kuma wajibi ne ta amsa cikin kwanakin aiki 20. Kada ka tambaye su ko sun kashe kuɗin bisa doka, don amsar e ce, kuma gaskiya ce. Tambaye su nawa suka karɓa na tarar shara a kowace shekara cikin shekaru huɗu da suka wuce, nawa ne kasafin sashen farautar a waɗannan shekaru, nawa daga ciki ya fito daga asusun gama-gari, jami'ai nawa suke da su a kowace shekara, kuma in akwai ɗan kwangila, ta yaya ake biyansa. Jera amsoshin kusa da juna. In tara tana hawa, gudummawar asusun gama-gari tana sauka daidai da ita, yawan jami'ai bai motsa ba, ka ga hanya ta biyu da idonka. Ban da wannan, dokar binciken kuɗin ƙananan hukumomi ta 2014 ta buɗe kwanakin aiki 30 kowace shekara da za ka iya duba littattafan kuɗin hukuma, kuma in sunanka yana cikin rajistar masu zaɓe na yankin, kana iya kai ƙorafi ga odita na waje. Kansilan unguwarka ma yana iya ɗaga maganar a zauren majalisa, kuma lokacin da ya fi tasiri shi ne Janairu da Fabrairu, sa'ad da ake tsara kasafin shekara mai zuwa.

Shi kuma mai motar, kada ka bar shi. Biyan tararka ya rufe naka fayil ne kawai, nasa yana buɗe, kuma laifinsa a babbar kotu yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tara marar iyaka. In kana da lambar wayarsa, saƙonnin da kuka yi, hoton tallansa, ko shaidar tura masa kuɗi ta banki, kai wa jami'in da sunansa yake kan takardar da aka aiko maka. Nan gaba kuma, kafin kowa ya ɗora hannu a kan kayanka, karɓi lambar rajistarsa ta ɗaukar shara, ka duba ta a shafin intanet na Hukumar Kula da Muhalli, ka ɗauki hoton lambar motar, ka tambaye shi inda zai kai kayan, ya rubuta maka rasit. Da waɗannan a hannunka ranar da wasiƙar ta zo, da ka nuna ka yi abin da doka ta nema a wurinka, kuma da shi jami'an za su nufa.